Gwamnan Tawa da gwamnan Sakkwato: suna ɗaya, iko daban

Wani ɗan'uwa a cikinmu, wanda ke fatauci tsakanin Tawa da Sakkwato, ya yi tambaya cewa tunda a nan muna cewa "jihar Tawa", a can kuma suna cewa "jihar Sakkwato", kowace kuma tana da gwamnanta, me ya sa ake kiran Najeriya ƙasar tarayya amma ba a kiran Nijar haka. Malam, harshenmu ne ya fara rikita lamarin, domin gidajen rediyo sun ɗauki kalma ɗaya sun ɗora wa abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. Idan aka ajiye sunan gefe aka binciki inda kowane gwamna ya samo ikonsa, da wanda zai iya karɓe shi daga hannunsa, bambancin zai fito fili.

Gwamnan Tawa naɗa shi ake yi daga Yamai, kuma takardar da ta kawo shi irinta ce za ta ɗauke shi ranar da aka ga dama. Wakilin gwamnatin ƙasa ne a jihar, shi da prefe-prefen da ke ƙarƙashinsa a Ƙonni da Madawa da sauran gundumomi. Wannan ba sabon abu ba ne da ya zo da sojoji a ranar 26 ga Yuli 2023, domin kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin, ya faɗa ƙarara cewa Nijar dunƙulalliyar ƙasa ce guda ɗaya wadda ba ta rabuwa. Shi kuwa gwamnan Sakkwato mutanen jiharsa ne ke zaɓensa na shekara 4, sau biyu kacal idan ya yi sa'a, kuma shugaban ƙasa ba shi da hurumin korarsa. Majalisar dokokin jiharsa ce ke iya tsige shi, ita ma sai ta bi matakan da kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya shimfiɗa, ciki har da kwamitin bincike na mutum 7 da babban alƙalin jihar zai kafa. Jihar tana da kwamishinoninta da kasafin kuɗinta da kotunanta, wato gwamnati ce cikakkiya mai rassa uku, kuma akwai irinta 36 a Najeriya bayan babban birnin tarayya, Abuja.

Asalin tarayya ke nan: kundin tsarin mulki ne da kansa ya raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohi, kowane ɓangare daga kundin ya karɓi rabonsa, ba daga hannun ɗan'uwansa ba. A Najeriya an yi rabon ne da jerin abubuwa. Jeri na farko na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai, kamar soja da 'yan sanda da buga kuɗi da kwastan da shige da fice da hulɗa da ƙasashen waje da ma'adinai, man fetur yana ciki. Jeri na biyu kowa na iya yin doka a kai, kamar ilimin jami'a, amma idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce ke rinjaye gwargwadon inda suka saɓa. Abin da ba a ambata a ko'ina ba ya zama na jihohi. Iyakar kuma tana motsi, domin a 2023 an ciro jiragen ƙasa da gidajen yari daga jeri na farko aka mayar da su na biyu, aka kuma faɗaɗa ikon jihohi kan wutar lantarki. Idan rigima ta taso kan na wane ne wannan hurumin, Kotun Ƙoli ce ke raba gardama, kuma jiha tana iya kai gwamnatin tarayya ƙara gabanta kai tsaye. Ba na jin wani ya taɓa tunanin gwamnan Tawa zai kai Yamai kotu, tunda mutum ba ya ƙarar kansa.

Malam, ka duba abin da kake gani da idonka a hanyarka. Malamin makarantar da ke koyarwa a Ƙonni ma'aikacin ƙasar Nijar ne, takarda ɗaya daga ma'aikatar ilimi za ta iya kai shi Diffa, kuma albashinsa daga baitulmali ɗaya yake fitowa ko ina aka ajiye shi. Da ka tsallaka iyaka ka shiga Illela ta ɓangaren Najeriya, malamin sakandaren jiha da za ka tarar ma'aikacin Sakkwato ne, ba mai iya tura shi Katsina, kuma idan albashi ya makara gwamna zai zarga, ba shugaban ƙasa ba. Haka takardar mallakar fili a birni da sa hannun gwamna take fita, domin dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannunsa. Har sarauta ma haka take, shi ya sa a Kano gwamna ɗaya ya sauke Sarki Muhammadu Sanusi na II a 2020, wani gwamnan ya mayar da shi a 2024, alhali a nan sha'anin sarakuna yana hannun ma'aikatar cikin gida. Amma ɗan sandan da zai tare ka a shingen hanya ba na gwamnan Sakkwato ba ne, domin kundin 1999 rundunar 'yan sanda ɗaya ya kafa wa ƙasar baki ɗaya, kuma kwamishinan 'yan sandan jiha Sufeto Janar yake bi. A wannan fanni Najeriya ta fi kama da mu a kan Amurka, inda jihohi da birane ke da 'yan sandansu.

Babban misalin da ya nuna ƙarfin jiha shi ne na Shari'a. A 1999 gwamnan Zamfara, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya faɗaɗa aikin shari'ar Musulunci zuwa hukuncin laifuka ta hanyar majalisar dokokin jiharsa, jihohin arewa suka biyo baya har suka kai 12, Sakkwato tana ciki, ba tare da izinin Abuja ba, duk da cewa an yi ta gardama kan sashe na 10 na kundin 1999 da ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. A Nijar dokar laifuka ɗaya ce daga Diffa har Tillaberi, ko da yake kotunanmu suna duba al'ada a sha'anin aure da gado.

Akwai kuma katangu biyu da tarayya ke ginawa don kare jihohi. Ta farko ita ce majalisar dattawa, inda kowace jiha ke da sanata 3 komai yawan jama'arta, Abuja kuma 1, jimilla 109, alhali kujeru 360 na majalisar wakilai bisa yawan jama'a aka raba su. Mu kuwa majalisa ɗaya muka yi mai kujeru 171. Ta biyu, wadda a ganina ta fi kowace muhimmanci, ita ce hanyar gyaran kundin, domin bayan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja sun amince, sai majalisun jihohi 24 aƙalla sun yarda kafin gyaran ya tabbata. Kundinmu na 2010 kuwa ƙuri'ar 'yan majalisa kashi huɗu cikin biyar ko ƙuri'ar raba gardama yake nema, ba a tambayar ra'ayin wata jiha a matsayinta na jiha.

Kada a ce Nijar ba ta taɓa sakar wa yankuna mara ba. 'Yan tawayen arewa na shekarun 1990 sun nemi yankunansu su yi mulkin kansu, yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 kuma ta tsaya kan miƙa wani ɓangare na iko ga ƙananan hukumomi, daga nan aka samu zaɓaɓɓun magadan gari, aka kuma zaɓi majalisun jihohi a 2011. Sai dai wannan iko aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara, domin a watan Afrilun 2024 doka ɗaya daga Yamai ta rushe majalisun nan gaba ɗaya aka naɗa masu riƙo. Adalci ne kuma a faɗi cewa tarayyar Najeriya ita ma ba ta tsira daga irin wannan ba lokacin da aka jingine kundinta. Shugaban mulkin soja Janar Ironsi ya soke tsarin tarayyar da doka ta 34 a watan Mayun 1966, kafin Gowon ya mayar da shi bayan juyin mulkin Yuli, kuma a mafi yawan zamanin soja gwamnoni naɗa su ake yi kamar namu. Jihohin ma sojoji ne suka yanka su daga sama, 12 a 1967, 19 a 1976, har 36 a 1996, saɓanin Amurka inda jihohi 13 da suka riga gwamnatin tsakiya wanzuwa ne suka haɗu suka kafa ta. Ko a mulkin farar hula, dokar ta-ɓaci ta sashe na 305 ta zama ƙofa, domin da ita aka dakatar da gwamnan Filato a 2004 da na Ribas a 2025, lauyoyi suna ta musu kan ko kundin ya ba da wannan dama.

Inda tarayyar Najeriya ta fi rauni shi ne aljihu. Kuɗin mai da na kwastan asusun tarayya suke shiga, a raba su kowane wata a Abuja, kashi 52.68 cikin ɗari ga gwamnatin tarayya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi 774, bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake haƙo man a cikinsu. Jihohi kaɗan ne, irin su Legas, ke iya tsayuwa da harajin da suke tarawa, sauran kuwa kason Abuja suke jira kafin su biya albashi, kuma gwamnan da ke jiran kaso yana da wuya ya ɗaga murya yadda kundin ya ba shi dama. Su ma gwamnonin sun daɗe suna yi wa ƙananan hukumomi abin da suke kuka da shi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomin kuɗinsu kai tsaye.

Saura abu ɗaya da na san zai zo maka a rai, wato haɗakar ƙasashen Sahel ta AES da shugabannin Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa wa hannu a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024, wadda wasu ke kira tarayya a Hausa. Ita wannan haɗaka ce ta ƙasashe masu cin gashin kansu, yarjejeniya ce ta kafa ta ba kundin tsarin mulki ba, kuma kowace ƙasa tana riƙe da shugabanta da sojojinta da kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da Sakkwato ba ta da shi ko ɗaya.