Bf 109 F-4 a War Thunder, abin da na gani

Masu tambaya wane jirgi za su kama a ɓangaren Jamus a wasan bidiyo na yaƙi War Thunder, ni dai Bf 109 F-4 zan ce, amma fa sai mai haƙuri.

Jirgin nan ba na zagaye-zagaye ba ne. In ka ce za ka tsaya kuna juyi da Spitfire, jirgin yaƙin Ingila, wallahi kafin ka ankara yana bayanka yana zuba maka wuta. Aikinsa hawa, kuma yana hawa da sauri sosai, ka haye can sama ka hango mutum a ƙasa, ka sulalo masa kamar shaho, ka sake masa harsashi ka wuce ka koma sama, kar ka tsaya dubawa ko ya faɗi. Igwarsa mai milimita 20 ta tsakiyar farfela take fitowa, shi ya sa saiti bai da wahala, inda hancin jirgin ya kalla nan harsashi zai je.

Abin da ya fi burge ni yadda waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka bi tarihi. Injin Daimler-Benz ɗinsa fesa mai yake kai tsaye, ba kafireto ba, to ko ka danna hancinsa ƙasa da ƙarfi ba ya ɗaukewa, alhali Spitfire na farko-farko sai ka ji injin ya shaƙe. Haka ta faru da gaske a 1940 lokacin da Jamus ke kai wa Ingila hari, matuƙan Jamus da wannan dabarar suke tserewa, duk da man nasu bai kai su daɗe a saman Landan ba.

Inda yake ban haushi, sauka. Ƙafafunsa a jikin gangar jirgin aka dasa su ba can cikin fukafukai ba, sun matsu da juna, ka taɓa ƙasa a ɗan karkace kawai sai ka ga ya wuntsila. Jirage da yawa a haka suka lalace lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da an harbe su ba. Sannan in kana kallo daga cikin kujerar matuƙi, ƙarafan gilashin sun tare ido, baya kuwa da kyar kake gani.

Tun 1935 Bf 109 na farko ya fara tashi, an ƙera wajen 34,000 in an haɗa duk samfuransa, kuma irinsa matuƙin Jamus Erich Hartmann ya tuƙa ya kakkaɓo jirage 352. Sabon shiga ya fara koyon sauka a filin gwaji tukuna kafin ya shiga fafatawa da mutane.