WebP ko AVIF: Wanne Ya Fi Dacewa da Hotunan Shafinka?

A yawancin shafukan intanet, hotuna ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na nauyin da wayar mai ziyara ke saukewa, saboda haka wanda shafinsa ke jan ƙafa wajen buɗewa ya kamata ya fara duba su kafin ya ɗora laifin a kan kamfanin da ke ajiye masa shafin. JPEG, wanda ya fito a 1992, da PNG na 1996 har yanzu suna aiki, amma akwai sababbin tsare-tsare biyu da suka fi su rage nauyi.

Na farko shi ne WebP, wanda Google ya fitar a 2010. A ƙiyasin kamfanin, hoton WebP ya kan gaza na JPEG nauyi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari ba tare da kyansa ya ragu a ido ba, kuma yana iya ɗaukar hoto marar bango kamar yadda PNG ke yi. Babbar fa'idarsa ita ce karɓuwa: tun da Safari ta fara buɗe shi a 2020, babu wata babbar burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) da ta rage, kuma WordPress, dandalin gina shafukan intanet, ya amince da shi tun sigar 5.8 ta 2021.

AVIF ya zo a 2019 daga haɗakar kamfanoni ta Alliance for Open Media, kuma an gina shi ne a kan fasahar bidiyo ta AV1. Galibi ya fi WebP matse hoto, musamman manyan hotuna masu launuka da ke narkewa cikin juna, irin na sararin sama da yamma. Chrome ta karɓe shi a 2020, Firefox a 2021, Safari kuma a 2022. Sai dai yana da abin lura guda biyu. Juya hoto zuwa AVIF yana cin lokaci da ƙarfin kwamfuta fiye da WebP, sannan idan aka matse shi da yawa sai ya goge ƙananan zane-zane. Mai sayar da shadda ko leshi ta intanet ya kula da wannan sosai, domin saƙar da ƙyallin da mai saye ke ƙura wa ido su ne farkon abin da ke ɓacewa, yadin ya koma sumul kamar leda. Akwai kuma JPEG XL, wanda masana ke yabawa, amma lokacin da Chrome ta cire shi a farkon 2023 karɓuwarsa ta yi baya.

Ta fuskar kayan aiki, yawan hotunan ne zai yanke hukunci. Wanda ke da 'yan kaɗan bai kamata ya kashe ko sisi ba: manhajar Squoosh kyauta ce, tana aiki a cikin burauza ba tare da hoton ya bar na'urarka ba, kuma tana nuna tsohon hoto da sabo gefe da gefe, da sandar da ake ja don a kwatanta su. Mai ɗaruruwan hotuna a WordPress zai fi samun sauƙi da manhajoji irin su ShortPixel ko Imagify, waɗanda ke juya su kai tsaye, suna ba da wani adadi kyauta kowane wata, abin da ya haura kuma sai an biya. Kafin a biya, a tabbatar manhajar tana adana hotunan asali, kuma tana miƙa JPEG ga tsofaffin wayoyin da ba su gane sabon tsari.

A ganina, WebP ya ishi mafi yawan shafuka, AVIF kuwa a bar shi ga manyan hotunan saman shafi inda ribarsa ta fi fitowa. Tambarin kamfani da gumakan maɓallai sun fi dacewa da SVG, tsarin zane da ba ya dushewa ko an ƙara girmansa. Amma kowanne aka zaɓa, a fara rage faɗin hoton, domin hoton waya mai faɗin fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 4000 da aka ɗora a gurbin da bai wuce fiksel 800 ba zai ci datar mai ziyara a banza ko da an juya shi zuwa AVIF.