Ƙara wa Golf GTI ƙarfi a wani gareji na Sabon Gari: abin da na gani bayan wata huɗu

Motata Volkswagen Golf GTI ce ƙirar 2007, mai injin lita 2 da turbo, wadda kamfani ya fitar da ita da ƙarfin doki 200. Na daɗe ina jin cewa ana iya sauya lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin, don turbo ya ƙara tura iska, a samu ƙarin doki arba'in zuwa hamsin ba tare da an kwance injin ba, shi ya sa na kai ta wani gareji a Sabon Garin Zariya da ya yi suna wajen motocin Jamus.

Abin da ya fara burge ni shi ne, maigidan garejin ya ƙi taɓa ƙwaƙwalwar a ranar farko. Sai da ya jona kwamfuta ya karanta matsalolin da motar ta adana, ya sauya filogi huɗu da kwayil ɗaya, sannan ya ciro wani ɗan ƙarfe mai kama da hula da ke ƙarƙashin famfon mai, ya nuna mini yadda ya cinye. Wannan lalura sananniya ce a irin wannan injin, kuma idan ƙarfen ya huje, ɓarnar takan kai ga kamshaf, sandar ƙarfen da ke buɗe ƙofofin iskar injin tana rufe su.

Da muka zo batun ƙarfi, na nemi lissafin da Turawa ke sakawa, ya ce, "Alhaji, man da aka yi wa wannan lissafi ba shi muke sha a nan ba." Gaskiyarsa kuwa, domin an tsara injin ne a kan fetur mai lambar oktan 98 (ma'aunin yadda fetur ke jure matsi kafin ya kama da wuta), alhali namu yakan tsaya wajen 91, ga kuma zafin Maris da Afrilu da ke kusantar digiri 40. Mai mai rauni da iska mai zafi suna sa fetur ya kama da wuta kafin lokacinsa a cikin silinda, abin da kan fasa fistin. Saboda haka ya saka lissafi mai sauƙi, ya kuma hana ni sayen buɗaɗɗiyar matatar iskar nan mai ƙara da samari ke so, wadda ƙurar hunturu za ta ratsa ta kai ga fukafukan turbo.

A hanyar Kano na ji bambancin sosai, musamman wajen wuce tirela, inda motar ke amsa totur nan take ba sai na sauko da giya ba. A cunkoson Kwangila da PZ kuwa babu abin da ya sauya, shan mai ma yana nan yadda yake muddin ƙafata ba ta yi nauyi ba.

Inda garejin ya gaza shi ne ba su da na'urar auna ƙarfin injin, don haka adadin dokin da suka ce na samu ƙiyasi ne kawai. An yi mini alkawarin kwana biyu, motar ta kwana biyar, kuma sai da na matsa kafin aka ba ni kwafin lissafin asali. Ba su kuma ce komai a kan birki ba, sai da na ji ya yi laushi a wata gangara bayan Kwanar Dangora na koma da kaina aka sauya fata da man birki.