Wane faranti za ka saya kafin ka gina siririn oksayid a kai?

Duk mai son gina siririn shimfiɗin oksayid don ya ga yadda zarra suka jeru a samansa, ya fara da farantin kristal da zai ɗora shi a kai. Na'urar leza da ake ɗora shimfiɗin da ita, komai tsadarta, ba ta gyara faranti mara kyau.

Ni SrTiO3, wato oksayid na strontium da titanium, nake saye, ba ɓoye-ɓoye. Tazarar kristal ɗinsa angstrom 3.905 ce, wato kusan nanomita 0.39, dab da ta yawancin oksayid masu tsarin kristal irin nasa, waɗanda ake kira perovskite, saboda haka abin da ka ɗora yakan zauna lafiya. Shi kansa hawa-hawa yake, shimfiɗin SrO sannan na TiO2. Tun 1994 Kawasaki da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa ruwan asid na HF da aka rage wa kaifi yana cinye SrO ɗin sama ya bar TiO2 zalla. Ka gasa shi wajen digiri 950 zuwa 1000 a ma'aunin Celsius, sai AFM, na'urar da ke laluben saman abu da siririn tsinke, ta nuna maka matakala sumul, kowace tsayinta nanomita 0.39. In da STM za ka duba, wato na'urar da ke ganin zarra ta hanyar lantarki, nemi wanda aka sa wa niobium, shi ne lantarki ke bi.

LaAlO3 na da masoya, amma in ya huce bayan zafi sai cikinsa ya rarrabu, samansa ya yi tudu da kwari. MgO kuwa shan damshi yake kamar gishiri da damina.

Yanzu batun 'yan damfara, don nan aka ƙona ni. Wani dillali ya turo mini faranti goma na SrTiO3 da arha, takardarsa na cewa an riga an wanke su, TiO2 ne a sama. Wata biyu ina zargin na'ura, ina zargin hannuna. Da na sa ɗaya a AFM, sai ga matakala rabi-rabi, nanomita 0.2, wato SrO da TiO2 a gauraye. Biyu ma da ƙarce, alamar tsofaffi ne aka sake gogewa.

Kada ka biya sai ya ba ka hoton AFM na wannan rukunin da kansa, ba na talla ba, tare da yawan karkatar da aka yi wajen yanka farantin a rubuce, misali digiri 0.1. Idan ya fara kame-kame, kama gabanka. Ka sayi biyu tukuna ka gwada, kuma ka buɗe ledar da safar hannu.