Ƙirga labarai ko zama da 'yan jarida: hanyoyi biyu na bincike a Jos

Ɗalibar da ke son nazarin yadda jaridu suka ba da labarin rikicin Jos na Satumban 2001, da gurbin da mata suka samu a ciki, tana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta zauna da tsofaffin kwafen jaridar Nigeria Standard da ake bugawa a Jos, waɗanda takardunsu suka yi ja saboda daɗewa, tana ƙirga sau nawa aka ji ta bakin mace, da wanda aka kira "ɗan ƙasa" ko "baƙo". Alƙaluman da za ta samu suna gwaduwa da na duniya, domin binciken 2020 na GMMP, shirin da ke bibiyar gurbin mata a kafafen yaɗa labarai na duniya, ya nuna cewa mata kashi 25 cikin ɗari ne kacal na waɗanda ake gani ko ji a labarai.

Sai dai takarda ba ta faɗin abin da edita ya soke. Wannan sai ta hanya ta biyu, wato hira da matan NAWOJ, ƙungiyar mata 'yan jarida ta Najeriya, da suka yi aiki a lokacin, kuma a ganina nan naman yake, ko da yake hira tana cin lokaci, mantuwa ta shiga bayan shekaru fiye da ashirin, wata ma ba za ta saki jiki ba sai an kashe rikoda.