Hutun bazara a tsibiran Girka: Santorini ta ci kuɗin, Naksos ta ba mu hutun

Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ne ya haɗa mana hutun, ni da maigidana: birnin Atina, tsibirin Santorini, tsibirin Naksos, da ziyarar yini zuwa Delos. Kuɗin ya haɗa da otal, karin kumallo, tikitin jiragen ruwa da ɗan jagora a wuraren tarihi. Jirgin sama da biza mu muka nema da kanmu. Tafiyar ta biya kuɗinta, ban yi da-na-sani ba, amma rabon kwanakin bai yi mini ba. An jibga mafi yawan kwanaki da kuɗi a Santorini domin hotonta ne ke jawo masu saye, alhali wanda ya fito neman hutu a Naksos zai same shi.

Atina muka fara sauka, ta Santambul muka bi. An ɗauke mu da sassafe zuwa Akropolis, dutsen da tsofaffin haikalan birnin suke a kansa, kuma a nan kamfanin ya kyauta, domin tun 2023 aka ƙayyade masu hawa dutsen zuwa mutum 20,000 a rana, kowa da sa'ar da aka rubuta masa a tikiti. Tikitin ya koma Yuro 30 daga Afrilun 2025. Idan zafi ya tsananta hukuma kan rufe wurin da tsakar rana, saboda babu inuwa a sama, ga farin dutse yana mayar wa mutum da hasken rana a ido. Duwatsun hanyar sun yi sulɓi don yawan taku, wadda ta sa takalmi mai santsi za ta sha wuya.

A saman dutsen aka gina haikalin Partenon tsakanin shekarar 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin Perikles jagoran Atina, don bautar Atena, gunkiyar mutanen birnin. Abin da ya fi riƙe hankalina shi ne rayuwar ginin bayan nan. Ya zama coci na ɗaruruwan shekaru, sannan da Daular Usmaniyya ta Turkawa ta kama Atina a ƙarni na 15 aka mai da shi masallaci har da hasumiya. A 1687 sojojin Venis, da ke Italiya ta yau, suka yi wa dutsen ƙawanya, harsashinsu ya faɗa kan albarushin da Turkawa suka adana a ciki, tsakiyar ginin ta tarwatse. Ɗan jagoranmu ya so ya wuce wannan babi da jimla biyu, sai da maigida ya tsare shi da tambaya kafin ya buɗe baki. A gidan tarihi na Akropolis da ke ƙasan dutsen, wanda aka buɗe a 2009, an jera sassaƙe-sassaƙen haikalin, an cike gurbin waɗanda jakadan Birtaniya Lord Elgin ya kwashe zuwa Landan a farkon ƙarni na 19 da fararen kwafi. Idonka kaɗai ya isa ya nuna maka yawan abin da aka tafi da shi.

Daga tashar Piraeus muka shiga jirgin ruwa mai gudu zuwa Santorini. Babu wanda ya gaya mana cewa a watannin Yuli da Agusta wata iska mai ƙarfi da suke kira meltemi kan taso daga arewa ta hargitsa teku. Rabin fasinjoji na riƙe da jakar amai. Babban jirgi mai tafiyar hawainiya yakan ci wajen awa takwas, amma ba ya rawa haka, kuma ya fi araha. Shi nake ba kowa shawara.

Santorini tana da kyau, wannan babu gardama. Tsibirin bakin wani dutse ne mai aman wuta da ya fashe kimanin shekara 3,600 da suka wuce, tsakiyarsa ta rufta, teku ya cika ramin. Fararen gidaje na manne a gefen gangaren, ruwa can ƙasa shuɗi shar. Sai dai otal ɗin da aka sa mu ba ya kallon ramin kamar yadda hoton talla ya nuna, bango yake kallo, kuma da muka yi magana aka ce ɗaki mai kallon teku sai an ƙara kuɗi mai tsoka. Ruwan famfo da ɗan gishiri-gishiri, domin tsibirin ba shi da koguna, tace ruwan teku ake yi, ruwan sha kuwa sai na gora.

Faɗuwar rana a garin Oia ita ce aka fi yi mana talla, ita ce kuma ta fi ba ni takaici. Tun bayan La'asar mutane ke kama wuri a kan kangon ganuwar garin. Manyan jiragen yawon shaƙatawa na sauke dubban mutane a lokaci guda, lungunan kuwa mutum biyu da ƙyar suke giftawa. Kafin ranar ta faɗi, wajen ƙarfe takwas da rabi, ba na ganin komai sai wayoyi a sama. Da ta nutse aka yi tafi, sai kowa ya juya lokaci guda, cunkoso kamar an taso daga filin Idi. Ga Magariba ta yi, babu inda mutum zai shimfiɗa sallaya. Washegari muka zauna a kan hanyar ƙafa da ta haɗa Fira, babban garin tsibirin, da Oia, kusa da ƙauyen Imerovigli, rana ɗaya ce, teku ɗaya ne, ba mu biya ko sisi ba, muka yi sallarmu a natse.

Abin da ya fanshi Santorini a wurina Akrotiri ne, kuma awa biyu kacal aka ware masa. Gari ne da tokar dutsen ta binne, masanin tarihi Spyridon Marinatos ya fara tono shi a 1967. An yi masa rufi, don haka ana zagayawa cikin inuwa. Gidajen bene ne masu hawa biyu da uku, da magudanun ruwa a ƙarƙashin tituna, har da ban-ɗaki a saman bene da aka haɗa da bututun yumɓu zuwa magudanar. Na daɗe tsaye a gaban wata matakala ta dutse da girgizar ƙasa ta karya a tsakiya, kowane mataki ya rabe biyu ya zauna yadda ya faɗi. Kusa da ita ga manyan randunan ajiya a jere. Ba a samu gawarwaki a garin ba, kayan zinariya ma kusan babu, abin da ke nuna girgizar ta gargaɗe su, suka tattara abin da ya fi daraja suka fice kafin dutsen ya yi amai. Har gadaje aka samu an ɗora wani kan wani a waje, alamar sun dawo suna kwashe kaya daga ɓaraguzai kafin su sake gudu. Zanen bangon gidajen yana gidan tarihi na Fira, wasu kuma a Atina. Da ni ce mai tsara tafiyar, yini guda zan ba wurin nan.

A Naksos jikina ya san an zo hutu. Ita ce mafi girma a rukunin tsibiran Cyclades, tana da gonaki, da shanu, da mutanen da ke rayuwarsu ko da baƙi ko babu. Dankalinsu da cukunsu sun yi suna a duk Girka, abinci kuma ya fi na Santorini araha nesa ba kusa ba. Bakin tekun Agios Prokopios yashi ne mai laushi, ruwan garau, ba kamar baƙar tsakuwar gaɓar Kamari ta Santorini da ke ƙona tafin ƙafa ba. Na yi iyo da cikakkiyar suturata, babu wanda ya ɗaga ido ya dube ni. Sai dai mai tafiya da yara ya tambayi masu otal tukuna, akwai ɓangarorin gaɓar da tsiraici ya yi yawa.

Daf da tashar jirgin ruwa akwai wata ƙatuwar ƙofar dutse da ake kira Portara, ita kaɗai ta rage daga haikalin gunkin Girkawa Apollo da aka fara ginawa wajen shekarar 530 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ba a kuma gama ba. Kyauta ake hawa. Rana na faɗuwa ta cikin ƙofar, akwai mutane, amma akwai wurin zama, iska na kaɗawa, yara na guje-guje. A ƙauyen Apollonas kuma akwai wani gunki mai tsawon fiye da mita 10 kwance a ma'aikatar dutsen da aka fara sassaƙa shi, an bar shi a nan ba a ɗaga ba.

Delos ta gajiyar da ni, amma ba zan ce a tsallake ta ba. Tsibirin gaba ɗaya kufai ne, baƙo ba ya kwana a cikinsa. Girkawan da sun ɗauke shi wuri mai tsarki, har suka hana haihuwa da mutuwa a kansa. A zamanin Rumawa kuma ya zama babbar kasuwar bayi, abin da ɗan jagora bai ambata ba sai da muka tambaya. Ga zakunan dutse da mutanen Naksos suka kai kyauta, ga daɓen gidajen attajirai da aka ƙawata da ƙananan duwatsu masu launi. Bishiya kusan babu, babu rumfa, a tafi da ruwa da malafa.

Batun abinci, Musulmi ya buɗe baki ya tambaya kafin ya ci. Giros da suflaki da ake sayarwa a kowane lungu yawanci naman alade ne, na kaza ma a kan gasa shi wuri guda da shi. Mun rubuta wa kamfanin buƙatarmu tun daga gida, amma ba su isar da ita ga otal ko ɗaya ba. Kifi, salak, burodi da miyar wake da suke kira faba su suka riƙe mu. A Atina akwai gidajen abincin halal, akwai kuma masallacin Votanikos da aka buɗe a 2020. A tsibiran da muka je ba mu ga masallaci ba.

Ga mai niyya, bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Girka, Yuro 90 ce tun Yunin 2024, ban da kuɗin masu karɓar takardu, kuma samun ranar ganawa a bazara yana da wuya, a fara nema da wuri. A zaɓi Yuni ko Satumba, zafi da cunkoso sun ragu. A matsa wa kamfani ya rage kwanakin Santorini ya ƙara na Naksos, kuma kafin a biya a sa su rubuta a takarda inda tagar ɗakin otal take kallo.