Manhajar bitar BEPC: darasin ba laifi, amma ta sa 'yata kuka da tsakar dare

Ba sai na kama suna ba. Duk uwar da ke da ɗa mai shirin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a nan Garwa ta san manhajar da nake nufi, mai hoton ɗan zaki da tabarau. Wata maƙwabciyata a Yalwa ce ta yi ta yaba ta, na saka wa 'yata a tsohuwar wayata tun watan Janairu. Sefa 100 a rana suke cira daga kuɗin waya. Na ce ai ya fi malamin gida sauƙi.

A gaskiya lissafinsu ya yi. Yarinyar da a da take ɓoye littafin lissafi a ƙarƙashin katifa, sai ga ta tana zaune kusa da kekena tana warware tambaya, ina ɗinki tana karanto min amsa kamar na san abin da take faɗa. Ba ya cin data sosai. Da a wannan lokacin na rubuta sharhin nan, tauraro biyar zan ba su ba tare da wani dogon tunani ba.

Akwai wani abu a ciki da suke ƙirga wa yaro kwanakin da ya jera yana shiga, da alamar wuta a gefen lambar. Rana ɗaya ka tsallake, komai ya koma sifili. Kuma akwai jerin 'yan ajinsu, kowa yana ganin na kowa. Ni ban ɗauke shi a bakin komai ba, har daren da ya faru.

Cikin Afrilu ne, zafin nan namu da yake haure 40, wanda ko randa ba ta sanyaya ruwa. An ɗauke wuta tun safe, wayar ta mutu. Muna kwance a tsakar gida wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai na ji shessheƙa. Na ɗauka kunama ce. Na haska ta, ta ce, "Umma, kwana 63 ne. In sha biyu ta yi shi ke nan." Yarinya 'yar shekara 14, wadda ta yini tana bita a littafi da hasken rana, tana kuka wai ba ta yi karatu ba, don wayar ba ta shaida ba. Babansu ya ce mu kwanta, ba mai fita neman caji a wannan dare.

Da safe na aika aka yi cajin wayar a shagon mai janareto. Tana buɗewa sai ga ɗan zakin nan yana hawaye, wutar ta mutu, ga saƙo da Faransanci: a biya sefa 500 a dawo da kwanakin, da agogo yana ƙirga minti goma yana raguwa. Minti goma! Wa yake bin mu? Ta kalle ni, ta kalli agogon, ta ce in cire daga asusunta na Sallah. Na biya. Har yau ina jin haushin kaina a kan ɗari biyar ɗin nan fiye da duk abin da suka ci a wata uku. Wanda ya tsara wannan shafi ya zauna ya yi lissafin hawayen yaro, ya san ba uwar da za ta jure.

Ƙanena yana karatun kwamfuta a jami'ar Ngaundare, na kira shi ina ta faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Adda, ba kuskure ba ne, sana'a ce." Ya ce abin har suna gare shi, dark patterns, wato tarkon da ake ɗanawa cikin tsarin shafi, kuma wani Baturen Ingila, Harry Brignull, ya raɗa masa sunan tun 2010. A Amurka ma an sa kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya mayar wa mutane dalar Amurka miliyan 245 saboda maɓallan da ke sa a sayi abu ba da niyya ba, yara na cikin waɗanda abin ya shafa. Tarayyar Turai ta hana manyan dandalin intanet irin wannan tsari a dokarta ta 2022. Mu a nan wa za ka kai wa ƙara a kan ɗari biyar?

Duk da haka na so in bar su da tauraro uku, don darasin darasi ne. Sai na je fita. Shiga taɓawa ɗaya ce, ko lambar sirri ba su tambaye ni ba. Fita kuwa shafi shida na ƙirga, ƙanena yana kan waya yana min jagora. A na ƙarshe maɓalli biyu ne: babban kore mai cewa "Ina so in ci jarrabawa", da wani ƙaramin rubutu ruwan toka a can ƙasa, sai na saka tabarau na gan shi, wai "Na haƙura da makomata". Ka ji rashin kunya. Ni da nake biya, ni za a sa in danna cewa na zubar da makomar 'yata. A can ne ma na gano tun ranar farko mun ba su izinin ganin duk lambobin da ke wayata, shi ya sa suka san 'yan ajinsu. Me bitar lissafi ta haɗa da lambar masu kawo min ɗinki? An sa hannu a dokar kare bayanan mutane a nan Kamaru cikin Disamban 2024, ina fata ta kai ga irin waɗannan.

Tauraro biyu, kuma na malamin da ya rubuta darussan ne, Allah ya saka masa. Na danna ruwan tokan. Yarinya ta yi kwana biyu ba ta min magana sosai, yanzu tana bita da tsofaffin takardun jarrabawa da muka yi hoto a kasuwa. Jiya saƙo ya shigo: ɗan zaki yana kewarta, an yi mata rangwamen rabi.